Fara da Masu Nemanta a Daminar Jos

Duk wanda kwaɗayin soyayyar fara ya kama a Jos cikin watan Agusta ya ɗauko wa kansa aiki. Da hunturu ba a wahalar nemanta. Ana ganin farantinta a tasha da bakin makaranta, daga Gangare zuwa Unguwar Rogo, daga Dilimi zuwa titin Bauchi, ta yi jawur da yaji. Amma da marka ta zauna sai farantan su ɗauke. Sai an yi cigiya lungu-lungu kafin a dace, in an dace kuma gwangwani ya yi tsada, sau da yawa ma a tarar ta yi laushi tana warin tsohon mai. Dalilin haka yana cikin rayuwar farar kanta, kuma wanda ya san rayuwarta shi zai iya bambance mai kyau da wadda ya kamata a zubar.

Yaron da ya taɓa kama fara a bayan gari ya san abu biyu game da ita: tana harbi da ƙafa, tana kuma tofar da wani baƙin ruwa a hannun wanda ya riƙe ta. Wannan ruwan daga cikinta take amayo shi don ta ƙyamatar da mai son cinta. Ƙafafun bayan nan biyu masu ƙaya su ne dukiyarta. Takan naɗe su, ta tara ƙarfi a gwiwa kamar mai ɗana baka, sannan ta saki lokaci guda, sai ga ta ta yi tsallen da ya ninka tsawon jikinta sau ashirin. Idonta biyar ne, manya biyu a gefe da ƙanana uku a goshi. Kunnenta yana gefen ciki, daf da inda ƙafar baya ta haɗu da jiki, numfashi kuma ta wasu ƙananan ƙofofi da ke jere a haƙarƙarinta take yin sa. Jininta ba ja ba ne, kuma ba ya ɗumama ta. Zafin jikinta na rana ne, in rana ta faɗi sai ƙarfinta ya tafi.

Idan kaka ta yi, uwar fara takan nemi ƙasa mai yashi, ta tura bayanta ciki, ta zuba ƙwai a dunƙule, ta toshe ramin da kumfa. Yawancin farin da ke zaune a gonakin gero na ƙasar Hausa da Barno haka ƙwansu ke kwana a ƙasa rani guda cur, ba ya ƙyanƙyashewa sai ruwan fari ya jiƙa shi. 'Ya'yan kan fito ƙanana, babu fiffike, suna tsalle cikin sabuwar ciyawa. Sai sun yi saɓa kamar sau biyar kafin fiffike ya fito. Ke nan a lokacin da mutumin Jos ke yawon nemanta cikin ruwan Yuli da Agusta, farar bana ba ta gama zama fara ba. Sai gero ya fitar da kai, dawa ta nuna, sannan take cika ta yi kitse, matan su yi ƙwai. Ita ce farar da ake rububi daga Oktoba zuwa ƙarshen sanyi.

Ba mutum kaɗai ke jiranta ba. Shamuwa, wadda manomi ke murnar gani saboda tana zuwa da ruwa, daga kudancin Afirka take tasowa, kuma 'ya'yan fara na cikin abin da take ciyar da nata 'ya'yan da shi a kan bishiyoyin ƙauye. Belbela kuwa kirarinta ya gama bayani, ci da motsin wani: tana bin sawun shanu, kowace fara kofato ya tayar ta cafke. In an saka wa daji wuta da rani, dubi sama ka ga shirwa na shawagi a bakin hayaƙi, farin da ke gudun wuta take tsinta. Fara tana tsakiyar abincin daji, inda ta ƙare tsuntsaye da yawa za su bi ta.

Akwai kuma wadda sunanta kaɗai ke tayar wa manomi hankali, wato farar ɗango. In Bahaushe ya ga taron da ya wuce ƙirge, da ita yake misali. Abin mamaki shi ne, ita ma a zamanta na yau da kullum mai gudun 'yan'uwanta ce, kowace tana harkarta ita kaɗai. A 1921 wani masani ɗan asalin Rasha mai aiki a Landan, Boris Uvarov, ya nuna cewa fari biyu da ake ɗauka iri daban-daban ne, mai zaman kaɗaici da mai tafiya a runduna, ashe halitta ɗaya ce da ke sauya kama. In ruwa ya sauka a hamada suka hayayyafa, sannan ciyawa ta soma bushewa, sai su matsu wuri guda. Gogar ƙafafun baya da suke yi wa juna ita ke juya su. A 2009 masana a Ingila suka gano cewa sinadarin serotonin ne ke hauhawa a jikinsu, cikin 'yan sa'o'i mai gudun jama'a ta koma mai neman jama'a, daga baya launinta ma ya sauya.

Daga nan sai a ga gaskiyar masu cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Fara guda ba ta wuce nauyin giram 2 ba, kuma kwatankwacin nauyinta take ci a yini. Amma Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa rundunar da ta rufe murabba'in kilomita guda tana ɗauke da fara miliyan 40 zuwa 80, kuma mafi ƙanƙantar irin wannan runduna kan cinye abincin mutum 35,000 a rana ɗaya. Tana iya tafiyar kilomita 150 a yini in iska ta ba ta baya. A Oktoban 1988 wasu rundunoni sun tashi daga Afirka ta Yamma suka tsallake tekun Atilantika har tsibiran Karebiyan. Annobar da ta tashi daga fadamun kogin Kwara a ƙasar Mali a 1928 ta yi fiye da shekara goma tana yawo a nahiyar nan, ta bi ta Arewacin Nijeriya, ta kuma taimaka wajen jefa yammacin Nijar cikin yunwar 1931. A 2004 fara ta sake sauka a Nijar tare da ƙarancin ruwa, yunwar 2005 ta biyo baya, jihar Maraɗi na cikin inda abin ya fi tsanani. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

A garin da masallaci da coci ke kallon juna kamar Jos, fara na cikin abubuwan da littattafan ɓangarorin biyu suka yi magana a kansu da murya kusan ɗaya. Alƙur'ani a Suratul A'araf ya lissafa ta cikin azabobin da aka saukar wa mutanen Fir'auna, Littafin Fitowa ma ya kawo ta a matsayin annoba ta takwas a Masar. Sannan addinan biyu sun halatta cinta. Hadisi ya haɗa ta da kifi a matsayin abin da ba ya bukatar yankan wuƙa, kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Abu Aufa cewa sahabbai sun ci ta a fagen yaƙi tare da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Malaman Malikiyya, mazhabar da ake bi a ƙasar nan, sun ce a kashe ta da niyya da bisimilla ta kowace hanyar da za ta mutu, ko da jefawa a ruwan zafi ne. Littafin Firistoci ya sa ta cikin halal, Linjila kuma ta ce abincin Yahaya Mai Baftisma a jeji fara ce da zuma. Halitta ɗaya, in ta zo a runduna masifa, in ta zo a mudu arziki.

Yawancin wadda ake soyawa ma ba ɗango ba ce, farar gona ce da ta daji. Kome nisan jifa ƙasa zai faɗo: duk tashin da ta yi da rana, dare na yi sai ta sauka a kan kara da ƙaya, sanyi ya sandarar da ita. A lokacin masu kamu ke fita, da tocila a goshi da buhu a hannu, suna tsintar ta ɗaya bayan ɗaya har asuba, cikin raɓa da hatsarin maciji, a wasu dazuzzukan Barno da Yobe har da hatsarin da ya fi maciji. Da safe a juye ta cikin tafasasshen ruwan gishiri, a tsame, a baza a rana har ta bushe ƙamas. Daga nan 'yan sari su ɗure ta a buhuna. Maiduguri ce babbar matattararta, wata kuma daga Nijar da Chadi take shigowa. Wadda za ta zo Jos takan biyo ta Damaturu da Potiskum da Bauchi, ta hauro dutse.

A nan matsalar damina take. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ruwan da take samu a shekara ya kai milimita 1,400, ninkin na Maiduguri har da ɗoriya. Buhun da zai shekara lafiya a busasshiyar iskar Barno, in ya kwana biyu a ɗaki mai danshi a Jos sai ya ja raɓa, fumfuna ta kama shi, kitsen farar ya juya ya soma ɗaci. Saboda haka duk farar da ka ci a daminar Jos tsohuwar ajiya ce, daɗinta kuwa ya dogara ga amanar hannuwan da ta bi: wanda ya kama, wadda ta shanya, wanda ya ajiye.

Matan da suka daɗe a sana'ar ba sa ɓoye wannan. Ka tsaya gaban wata dattijuwa a zauren gidanta, kasko na kan wuta, ka ce, "Inna, ta yaushe ce?" Za ta ce maka, "Ta sanyin da ya wuce ce, ɗana, amma ɗauki ɗaya ka karya." In ta karye ƙas, cikinta a bushe ba baƙi ba, ka sansana ka ji ƙamshi babu hamami, to an ajiye ta da kyau. Ka dubi hannunta kuma. Takan fige fiffike, ta cire ƙafafun ƙaya, ta ja kan a hankali ya fito da hanji, ta wanke a ruwan ɗumi har yashi ya kwanta a gindin roba, ta bari ta tsane. Man gyaɗa sabo take zubawa, ba wanda aka soya kifi da shi jiya ba, wuta kuma ba ta yi yawa ba. In ta yi ja ta soma ƙara a cokali sai ta kwashe, ta barbaɗa yaji da gishiri tun da zafinta. Irin wannan in ka tauna gardi za ka ji, babu maƙaƙi a maƙogwaro. Wadda aka labta wa yaji har ba a ganin jikinta, a tambayi abin da yajin ke rufewa.

Abin da ya fi tsohon mai haɗari shi ne feshi. Inda aka yi wa fara feshin maganin ƙwari takan zube ƙasa tuli, mai son banza ya share ya cika buhu ba tare da ya yi sanyin dare ba. Suya ba ta da tabbacin kashe wannan dafin. Duk farar da ke warin magani ko kananzir, ko ta yi arahar da ba a saba gani ba, a bar ta. Daji ma yana da tasa wadda ba a ci: farar tumfafiya mai ado, wadda ke tara dafin ganyen da take ci a jikinta, shi ya sa tsuntsu ma ke kauce mata. Wanda kuma jikinsa ba ya karɓar jatan lande ya yi hattara, domin dangi ne na nesa, abin da ke tayar da ƙaiƙayi a wancan yana iya kasancewa a wannan.

Ban ga dalilin da za a raina wannan abinci ba. Fiye da rabin nauyin busasshiyar fara sinadarin gina jiki ne, kuma a Nuwamban 2021 Tarayyar Turai ta amince a sayar da wani nau'inta a matsayin abincin mutane, abin da kakanninmu suka sani tun ba a rubuta ba. Abin da ya rage mana shi ne tsafta da gaskiya: hukumomin gona su riƙa shelanta inda aka yi feshi don masu kamu su kauce, 'yan sari su ɗaga buhu daga ƙasa su nisanta shi da danshi, mai saye kuma ya yarda ya biya kuɗin mai kyau. In ba a samu mai kyau ba, haƙuri ya fi. Damina tana da nata rabon, ga shinge a farkon ruwa, ga ɗanyar masara da sabon dankalin Filato a tsakiyarsa. Fara ta kaka ce da hunturu, kuma gara a jira ta wata biyu da a ci wadda za ta kai mutum asibiti.