Fure Shi Ne Shaidar Tsiro

Matafiyin da ya tashi daga Ƙafin Maiyaki ya nufi Tudun Wada zai ga gonakin dawa da masara, ga ɗorawa da kuka jefi-jefi. In ya ci gaba zuwa Doguwa sai ya ratsa dajin Falgore, inda itacen doka ya yi yawa. Wannan yanki ba hamada ba ne. Amma a bakin hanya, da filayen da noma ko kiwo ya gajiyar, akan tarar da tsire-tsiren da aka fi sani da ƙasashen fari, kamar tumfafiya da sabara. Yawaitarsu a wuri alama ce ta cewa ƙasar ta fara rauni, don haka sanin su yana da amfani ga manomi.

Masana kimiyyar tsirrai sun fi dogara ga fure wajen tantance tsiro, domin ganye yakan sauya girma gwargwadon ruwa da inuwa, alhali tsarin fure ba ya sauyawa. A kan wannan tsari ne Linnaeus, masani ɗan ƙasar Suwidin, ya kasa tsirrai, kuma a littafinsa na 1753 ya ba kowane tsiro suna mai kalma biyu.

Alal misali, tumfafiya, wato Calotropis procera, tana da fure mai kunnuwa biyar, fari da bakin shunayya. Ganyenta faffaɗa ne mai toka-toka, biyu-biyu suna fuskantar juna, kuma da an karya shi sai farin ruwa kamar nono ya fito. Ƙariya kuwa, wato Adenium obesum, ba ta yi kama da ita ko kaɗan ba a ido: gindinta kumburarre ne don ajiyar ruwa, tana son duwatsu, kuma takan yi jan fure da rani lokacin da ba ta da ganye. Duk da haka dangi ɗaya suke, kuma furen ne ke tona asirin, domin ita ma kunnuwansa biyar ne. Ruwan jikinsu duka yana ɗauke da dafin da ke taɓa zuciya, na tumfafiya kuma yana illata ido ƙwarai. Kada a rikita ƙariya da ƙirya, babban itacen da ake sassaƙa turmi da shi. Ƙamus ɗin sunayen tsirrai na Hausa da J. M. Dalziel ya buga a 1916 ya jera sunayen Hausa tare da na kimiyya.

Furen da ya fi cancantar kulawa shi ne na ƙuduji ko wuta-wuta, Striga hermonthica. Yana da kyau, launin ruwan hoda, yana ƙawata gonar dawa a ƙarshen damina. Sai dai saiwarsa a maƙale take da ta dawa tana tsotse ruwa da abinci tun kafin ya huda ƙasa. Tsiro ɗaya yakan zubar da dubban iri ƙanana kamar ƙura, waɗanda ke iya zama a ƙasa fiye da shekara 10 suna jiran saiwar hatsi. Wanda ya gane shi zai tuge shi kafin furen ya yi iri.

Ɗalibin da ke son tara samfuri ya yanko reshe mai fure da ganye, ya shimfiɗa shi tsakanin tsofaffin jaridu, ya danne da abu mai nauyi, yana sauya takardar har ya bushe. Ya rubuta wurin, da kwanan wata, da launin furen tun yana ɗanye, da sunan da manoma ko makiyayan wurin suka faɗa masa. In tsiron mai farin ruwa ne, ya wanke hannu kafin ya taɓa fuska.