Ciniki a Bakin Butar Shayi

Kasuwar Mirriya ranar Lahadi take ci. Motoci na fitowa daga Zinder, tafiyar kilomita 18, su kwashi tukwane da randunan da garin ya yi suna da su, da kayan lambu da dabbobi. Sai dai mai lura zai gane cewa rabin cinikin ba a ranar aka ƙulla shi ba. An ƙulla shi ne tun a daren Laraba ko Juma'a, a kan benci, ana jiran shayi ya nuna a kan gawayi.

Wannan zama shi ake kira fada a Nijar. Ya bazu a birane cikin shekarun 1990, lokacin da aikin gwamnati ya yi wuya, aka kuma karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994. Matasa suka ara sunan daga fadar sarki, suka rubuta nasu sunayen a bangon unguwa, kowace fada da shugabanta da ma'ajinta da mai dafa shayinta. Abin ya yi ƙarfin da wata masaniya a Amurka, Adeline Masquelier, ta wallafa littafi a kansa a 2019.

Ga mai ƙaramar sana'a, fada hanya ce ta samun masu saye ba tare da ya biya kuɗin talla a rediyo ba. Amma tana da ƙa'ida, kuma da yawa ba su san ta ba.

A ɗauki mai gyaran waya. Ya zo ya zauna, ya ba da nasa karo-karon na sukari. Wani ya yi ƙorafin wayarsa ba ta ɗaukar caji, sai ya karɓa, ya zaro tsinke ya sakace ƙurar da ta toshe ramin, ya miƙa masa bai nemi ko dala ba. Bai ce uffan game da shagonsa ba. Ranar da gilashin wayar ƙanwar wani ya fashe, ba sai an tambayi inda za a kai ta ba. Wanda kuwa ya faɗo wurin da buhun takalma tun kafin a gama gaisawa, ya katse hirar ƙwallo yana faɗin farashi, za a ba shi kofin farko saboda kunya. Gobe in an hango shi sai kowa ya duƙufa kan wayarsa.

Damagaram, wato Zinder, ta daɗe da sanin wannan. A zamanin Sarki Tanimun, cikin ƙarni na 19, ayarin Tarabulus da fataken Kano kan sauka a Zango, wajen ganuwar Birni. Baƙo ba ya buɗe kaya a titi. Yakan sauka gidan fatoma, a ci abinci tare, a san shi, sannan dillali ya haɗa shi da mai saye ya karɓi la'adarsa. In baƙon ya gudu da bashi, an san ƙofar da za a buga.

Wannan ƙofar ce babu a yau, kuma nan ne hatsarin yake.

Ɗan damfara ma ya iya zaman fada, sau da yawa ya fi ɗan kasuwar kirki iyawa. Shi ne mai sayen sukari kullum, shi ne na farko a gidan suna. Bayan wata biyu sai ya kawo zancen wani adashi mai riba, ko babur mai araha da ke kan hanya daga Najeriya, ko takardar tafiya Libiya ko Aljeriya, a ba da rabin kuɗi yanzu. Mutanen farko yakan biya su cif, da kuɗin na bayansu, don su zama masu yi masa shela. Haka MMM, dabarar wani ɗan Rasha mai suna Sergei Mavrodi, ta yi a Najeriya: ta yi alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, ta bi ta hannun abokai da 'yan uwa, sannan a Disamban 2016 ta rufe asusun mutane. Da yawa daga cikin waɗanda suka shiga, wani na kusa ne ya ja su, shi ma da zuciya ɗaya.

Tura kuɗi ta waya ya ƙara sauƙaƙa aikin. Jika hamsin na barin Mirriya cikin minti ɗaya, a karɓe su a Agadas ko Yamai, a cire layin a yar.

Saboda haka wanda aka yi wa tayi a fada ya tambayi abin da fatoma zai tambaya: ina gidansu, wa ya san mahaifinsa, ina rumfarsa ranar Lahadi? Kada a biya kuɗin kayan da ido bai gani ba. Bashi ko haɗin jari a rubuta shi a gaban shaidu, kamar yadda aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, ta umarta. Mai gaskiya ba ya jin haushin takarda. A adana rasit da saƙon da ya nuna an tura kuɗi, domin su ne mai unguwa ko jandarma za su fara nema in magana ta kai gabansu.