Robar Baki Ta Awo: Abin Da Take Karewa Da Abin Da Ake Jingina Mata

Kwanakin baya wani ƙanena da ke koyon damben zamani ya turo mini bidiyon talla a WhatsApp, ya rubuta a ƙasa: "Yaya, don Allah wannan gaskiya ne?" Tallan robar nan ce da 'yan wasa ke cusawa a baki, amma irin wadda likitan haƙori ke auna bakin mutum ya yi masa tasa shi kaɗai. Mai tallan bai rage komai ba. Wai tana hana ƙwaƙwalwa jijjiga idan an sha naushi, tana ƙara ƙarfin damtse, tana buɗe hanyar numfashi, wanda kuma bai sa ta ba haɗarin zubewar haƙoransa ya ninka sau 60. A makon ne kuma na ji wani dattijo a gidan dambe yana cewa robar ta ragwaye ce, shaƙe mutum kawai take yi. Kowannensu ya taɓo wani ɓangare na gaskiya, ya kuma ɗora masa nasa.

Robar iri uku ce, kuma rabin gardamar daga cakuɗa su take tasowa. Akwai ta kanti, wadda ake saya a sa yadda take, kamar ɗinkakkiyar riga a kasuwa. Ba ta kama haƙora, sai mutum ya cije ta take zama. Akwai ta tafasa-ka-ciza, wadda ake jefawa a ruwan zafi ta yi laushi, a ciza, a danna da yatsu da harshe har ta ɗauki siffar baki gwargwado. Sai ta awo, wadda ita ce ɗinkin tela. Likita zai cika wani ɗan faranti mai siffar kofaton doki da wani ƙulli mai laushi, ya danna a haƙoran sama, cikin 'yan mintoci ya daskare. A zuba filasta a gurbin, sai ga bakinka ya fito sak. A gasa fallen wata roba da ake kira EVA, na'ura ta matse ta a kan wannan siffa, a yanke gefe, a goge. Wasu asibitocin yanzu da 'yar kyamara suke ɗaukar awon. Kaurin da ake nema a wasannin karo shi ne milimita 3 zuwa 4.

Cewa robar baki tana kare haƙora da leɓɓa gaskiya ce tsantsa, kuma don haka aka ƙirƙiro ta tun farko. Wani likitan haƙori a Landan mai suna Woolf Krause ne ya fara yi wa 'yan dambe ita a farkon shekarun 1890, don haƙoransu su daina tsaga musu leɓe. Ba ta samu karɓuwa nan take ba. Sai a 1927, lokacin da Mike McTigue ya kara da Jack Sharkey a New York: McTigue na kan gaba, guntun haƙorinsa da ya karye ya yaga masa leɓe, jini ya ƙi tsayawa, aka tsayar da wasan aka ba Sharkey. Daga nan ne ta zama ruwan dare a damben zamani. Aikinta ba wani siddabaru ba ne. Naushin da zai sauka a kan haƙori ɗaya sai ta shanye wani kaso, ta raba sauran ga haƙoran da ke maƙwabtaka, ta shiga tsakanin leɓe da kaifin haƙori, ta kuma hana na ƙasa su gwaru da na sama idan an bugi haɓa. Haƙoran gaba na sama su suka fi shan wahala, musamman ga wanda nasa suka ɗan turo waje, shi ya sa galibi a sama ake sa ta.

Hujja mafi gamsarwa a wurina ta fito ne daga Niyu Zilan. A 1997 hukumar zari-ruga ta ƙasar ta wajabta robar ga 'yan ƙasa da shekara 19, a 1998 ta faɗaɗa dokar zuwa kowane mataki na wasannin cikin gida. Da aka duba bayanan hukumar da ke biyan diyyar rauni, daga 1995 zuwa 2003 neman diyyar raunin haƙori daga 'yan zari-ruga ya ragu da kashi 43 cikin 100. Wannan lissafin ƙasa guda ne, ba na ɗakin gwaji ba.

Zancen sau 60 kuwa zuƙi ta malle ce da ta daɗe tana yawo a takardun wayar da kai na Amurka, kowa na kwafa daga wani. Lokacin da Joseph Knapik da abokan aikinsa suka tattara binciken da ake da su a 2007, abin da suka samu shi ne wanda ba ya sa roba haɗarin raunin baki da fuskarsa ya ninka sau 1.6 zuwa 1.9. Da suka sake lissafin a 2019 ya ɗan haura ninki biyu. Ninki biyu ba ƙaramin abu ba ne ga haƙorin da ba ya sake tsirowa. Ban ga abin da zai sa a ƙara masa gishiri ba.

To ko ta awo ta fi sauran? Ta fi, amma ba ta fuskar da masu talla ke nunawa ba. Fifikonta yana wurin zama. Ta tafasa-ka-ciza takan sirance daidai inda aka fi buƙatar kauri, saboda cizo da dannawa suna tura robar gefe. Sau da yawa kuma ba ta rufe turamen baya yadda ya kamata. Ta awo tana riƙe kaurinta, tana manne da haƙora ko ka buɗe baki, sai ka sa yatsa ka ɓamɓaro ta. Wannan ma shi ne gwajin da kowa zai iya yi: sa robarka, ka hangame baki, ka kira sunan abokin wasanka. In ta faɗo, to lokacin da naushi zai zo ma ba lallai tana wurin ba. A wani bincike da aka wallafa a 2002 kan 'yan ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka, raunin haƙori a tsakanin masu sa ta awo bai kai kashi ɗaya cikin biyar na waɗanda ba sa sa komai ba. Amma a lura, da marasa roba aka gwada su, ba da masu ta ruwan zafi ba. Ni dai abin da na fi ba muhimmanci shi ne wanda duk mai horarwa ya sani: robar da ke sa kakarin amai ko hana magana, ƙarshenta cikin safa ne ko aljihun jaka. Wadda ba ta damun mutum ita ce ake samu a baki ranar tsautsayi.

Nan ne maganar dattijon gidan dambe ta samu gurbi. Bai yi ƙarya ba, sai dai ta kanti ya sani. Wanda dole ya cije roba kafin ta zauna ba zai iya buɗe baki ya ja iska ba lokacin da haki ya taso, ga ta da girma tana tokare ganɗa. Da aka auna iskar da 'yan wasa ke shaƙa a kan keke ko injin gudu, ba a ga ta awo ta rage musu wani abin a zo a gani ba. Haka kuma ba ta ƙara musu wani abin kirki. Batun ragwanta kuwa, Issoufou Alfaga na Nijar da ya ciyo azurfa a taikwando a Rio a 2016 da roba a bakinsa ya yi faɗan, don dokar wasan ba ta barin kowa ya shiga fili babu ita. Hannun ɗan damben gargajiya da aka ɗaure tamau da zare bai fi safar damben zamani tausayi ba.

Zancen ƙarin ƙarfi tsohon zance ne da ake canza wa riga. Tun shekarun 1970 ake cewa idan aka daidaita zaman muƙamuƙi jiki zai ƙara ƙarfi, kuma a 2009 kamfanin Under Armour ya fito da wata roba da irin wannan alkawari. Gwaje-gwajen da aka yi ƙanana ne, sakamakonsu na karo da juna. Kar ka biya ko kwabo saboda wannan.

Inda abin ya fi damuna shi ne maganar ƙwaƙwalwa, domin a nan ƙarya tana iya kai mutum kushewa. Ka ɗauki ƙwarya da nono da curin fura a ciki, ka rufe, ka fizge ta gefe da ƙarfi. Curin zai bugi bangon ƙwaryar ko da ka naɗe ta da tsumma ta waje. Haka ƙwaƙwalwa take cikin ruwanta a ƙoƙon kai. Abin da ke jijjiga ta shi ne saurin fizgar kai da juyawarsa, ko daga ina bugun ya zo, goshi, ƙeya, gefen kunne ko faɗuwa ƙasa. Roba mai kaurin milimita 4 a kan haƙora ba ta hana kai juyawa. Binciken 'yan ƙwallon kwandon nan na 2002 da ya nuna ta kare haƙora, shi ne kuma ya nuna ba ta rage jijjigar ƙwaƙwalwa ba. A 2012 hukumar kula da cinikayya ta tarayyar Amurka ta hana kamfanin Brain-Pad ci gaba da tallata cewa robarsa na rage wannan haɗari ba tare da hujja ba.

Adalci dai shi ne a faɗi ɗaya gefen. Taron ƙwararru na duniya kan jijjigar ƙwaƙwalwa a wasanni da aka yi a Amstadam a 2022 ya karɓi sakamakon da ke nuna ragin kashi 28 cikin 100 ga masu sa roba a ƙwallon gora na kan ƙanƙara. Ke nan ƙofar ba a rufe take ruf ba. Amma wasa ɗaya ne, ragi ne ba hanawa ba, kuma sakamakon bai ce ta awo ta fi ta kanti a wannan fanni ba. Robar nan mai na'ura a ciki da hukumar zari-ruga ta duniya ta shigo da ita manyan gasanninta a 2024 ma aikinta auna ƙarfin bugu ne ta aika wa likita saƙo a fitar da ɗan wasa a duba shi. Duk wanda ya sha bugu ya ga jiri, ko ya rikice, ko ya yi amai, ko ya kasa tuna abin da ya faru, wasansa na ranar ya ƙare, komai tsadar abin da ke bakinsa. Haka kuma robar ba ta kare sauran fuska. Karon da Victor Osimhen ya yi da Milan Skriniar a Nuwamban 2021, wanda ya fasa masa ƙashin kunci da na kwarmin ido har ya koma sa takunkumi, babu robar bakin da za ta tare shi.

Akwai masu ganin ta 'yan dambe ce kawai. Gwiwar hannu a ƙarƙashin kwando, karon kai wajen tsallen ƙwallo, sandar folo, faɗuwa daga keke, duk suna cire haƙori. Ɗan ƙwallon kwando Isaiah Thomas na Boston Celtics ana tsakiyar wasa a 2017 gwiwar hannun abokin karawa ta fitar masa da haƙorin gaba, ya tsince shi a ƙasa. Masu wayar gyaran haƙori su ma ba a hana su ba. Su ne ma suka fi buƙata, don wayar na yanka leɓe ta ciki, sai dai likitansu ne zai zaɓa musu irin da ta dace.

Wata ƙaryar da tsadar ta awo ke haifarwa ita ce wai saye ɗaya ne har abada. Yaron da ke famfara ko muƙamuƙinsa ke girma, robar bara ba za ta shige shi bana ba, shi ya sa iyaye da dama ke fara wa yara da ta ruwan zafi, kuma ban ga laifinsu ba. Da babu gara ba daɗi. Babba ma idan ya tauna ta kamar yadda ɗan ƙwallon kwando Stephen Curry ke yi, ko ta huje, ko ta saki, ko an yi masa ciko ko cire haƙori, sai sabuwa. Zafi ne ya ba ta siffa, zafi ne kuma ke ɓata ta, don haka wanda ya bar tasa a gaban mota a ranar Afrilu ta Sakkwato ko Zindar ya yi asara. A wanke da ruwan sanyi da buroshi, a bar ta ta bushe, a ajiye a akwati mai huji. Kuma ba a aron ta. Na ga inda yara uku ke karɓa-karɓa da roba ɗaya a wurin atisaye, ana ɗauraye ta da ruwan leda. Bakin da ke zubar da jini ba wurin wannan zumunci ba ne.

Mai neman ta awo ya je sashen haƙori na asibiti. Duk inda ake yin haƙorin roba sun iya ɗaukar awon baki, abin tambaya shi ne ko suna da na'urar matsa robar. Ka gaya musu wasan da kake yi, don kaurin na ɗan dambe daban da na ɗan ƙwallon kwando. Ɗan damben zamani mai shiga gasar waɗanda ba ƙwararru ba kada ya zaɓi ja, saboda tana ɓoye jini. Ɗan taikwando kuma fara ko garai-garai.

In kuma ƙaddara ta riga fata, haƙorin babba ya fita ɗungurungum, kada a jefar, kada a naɗe a takarda. A kama shi ta kansa, ban da taɓa saiwar, a ɗauraye da madara in ya yi datti, a mayar da shi raminsa nan take, a ciji tsumma mai tsabta. In ba zai yiwu ba a tsoma shi a madara, ba nono mai tsami ba, ba ruwa ba, a nufi likitan haƙori. Haƙorin da ya yi awa ɗaya a bushe, da wuya ya sake kamawa yadda ya kamata. Na yaro wanda bai yi famfara ba kuwa ba a mayar da shi, don zai iya lalata wanda ke tahowa a ƙasa.

Abin da na rubuta wa ƙanena ke nan: ya yi ta awo in aljihu ya yarda, in bai yarda ba ya sayi ta ruwan zafi ya gyara ta da kyau, ya kuma sa ta ranar atisaye kamar yadda zai sa ranar gasa. Haƙoransa da leɓɓansa take karewa. Kansa kuwa, ya koyi kaucewa.