Ƙudan da ke fitowa daga ruwa mai gudu

A yammacin ƙasar Nijar, wajejen Say, akwai gulabe kamar Tapowa da Mekuru masu zuba cikin kogin Isa. Ƙasar wurin tana da albarka. Amma a dā manoma sun riƙa gudunta, domin makanta ta yi yawa a bakin ruwa. Wani ɗan baƙin ƙuda ne ke kawo cutar. Girmansa bai fi ƙwayar dawa ba.

Wannan ƙuda a cikin ruwa yake girma. Ba ya son tabki. Sai ruwa mai gudu da ƙarfi bisa duwatsu. Macen tana saka ƙwai a kan ganye ko dutsen da ruwa ke duka. Bayan kwana biyu sai ƙwai ya fashe, tsutsa ta fito, ta maƙale. Tana yin mako guda ko fiye tana cin abin da ruwa ya kawo mata. Daga nan ta rufe kanta cikin ɗan gida, kwana biyu zuwa huɗu. Ranar fita, iska ce ke kewaye ƙudan kamar kumfa, ta ɗauko shi zuwa saman ruwa, ya tashi fukafukansa a bushe. Da rana yake fita, da rana kuma macen ke cizo, daidai lokacin da manomi yake duƙe a gona.

Masana sun ƙirga waɗannan kwanaki, kuma da ƙirgar nan aka ci ƙarfinsa. A 1974 ƙasashe bakwai, har da Nijar, suka haɗa kai da Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, hedikwatar aikin tana Wagadugu. Jirage masu saukar ungulu suna zuba magani a gulabe kowane kwana bakwai. Me ya sa bakwai? Domin tsutsa ba ta gama girma cikin kwana bakwai. Kafin ta rufe kanta, magani ya sake zuwa. In aka yi fashin mako guda, ƙudaje sun tsira.

Aikin ya ɗauki lokaci, domin tsutsar cutar tana rayuwa a jikin mutum har kusan shekara 14. A Nijar an yi feshi daga 1976 zuwa 1989. A watan Janairu na 2025 OMS ta tabbatar Nijar ta rabu da wannan makanta, ita ce ta farko a Afirka.

Sauro ma ɗan ruwa ne, amma shi kwantaccen ruwa yake so: kududdufi, ramin tubali, har sawun saniya. In akwai zafi, kwana bakwai zuwa goma sun ishe shi daga ƙwai zuwa tashi, kuma galibi da almuru yake fita. Ramin da aka cike da ƙasa kafin mako ya zagayo, sauron cikinsa ba zai tashi ba.