Yadda Jamusawa ke tace karen aiki kafin ya yi barbara

A 1899 wani tsohon hafsan sojan doki a Jamus, Max von Stephanitz, ya sayi wani karen kiwon tumaki, ya raɗa masa suna Horand, ya kafa ƙungiyar da har yau take kula da irin da ake kira German Shepherd.

A ƙa'idar ƙungiyar, kafin kare ya yi barbara sai an ɗauki hoton ƙashin ƙugunsa da gwiwoyin ƙafafunsa na gaba. Lalacewar gaɓar ƙugu ana gadonta, kuma kwikwiyon da ya gada yakan soma ɗingishi yana tsakar ƙarfinsa, bayan an sha wahalar horar da shi. Girma ma da iyaka: namiji santimita 60 zuwa 65 a kafaɗa, kilo 30 zuwa 40. Ƙaton kare saurin gajiya gare shi.

Hali ya fi wuyar aunawa. Akan harba bindiga kusa da kare a ga ko zai razana, a kuma duba ko zai saki abin da ya cafka da zarar an umarce shi. Karen da tsoro ke sa shi cizo haɗari ne, ko da kuwa ƙirarsa ta ƙayatar.

Abin takaici, masu kiwo don gasar kyau sun riƙa fifita mai zubabben baya, 'yan sandan ƙasashe da dama kuwa suka karkata ga Malinois na Beljiyam, mai sauƙin jiki.