Su Wa Ke Riƙe da Amanar Gidan Silima?

A birnin New York na ƙasar Amurka akwai wani gidan silima mai suna Anthology Film Archives, wanda aka buɗe a 1970 ba domin neman riba ba. Irin wannan gida ba mallakar wani ba ne. 'Yan kwamiti ke riƙe da amanarsa, saboda haka sana'ar kowannensu abin dubawa ce.

Mutum biyar suka kafa shi. Jonas Mekas marubucin waƙoƙi ne daga Lituwaniya, kuma mai sharhin finafinai a jarida. P. Adams Sitney manazarci ne. Peter Kubelka da Stan Brakhage masu shirya fim ne. Babu lauya ko akanta a cikinsu. Na biyar ɗin, watau Jerome Hill, shi ma mai shirya fim ne, amma jikan James J. Hill ne, attajirin nan mai kamfanin jirgin ƙasa. Aljihunsa kuwa shi ne ya ɗauki nauyin gidan.

Da Hill ya rasu a 1972, sai kuɗi suka yanke, har ta kai ga ƙaura zuwa wani wuri a 1974. Sun sayi wani tsohon ginin kotu a 1979, amma neman kuɗin gyara da aikin kansa suka ja su har 1988 kafin a buɗe shi.