Fulogi Takwas a Hanyar Karaye: Me Alƙaluma Suka Ce?

Akwai wani jinsin motoci da Amurkawa suka ƙera tsakanin 1964 da farkon shekarun 1970: jiki matsakaici, inji kuwa jibgege mai fulogi takwas. Pontiac GTO ce ta buɗe fage a 1964. A watan Afrilun shekarar Ford ta fito da Mustang a kan dala 2,368, kafin ta cika shekara an sayar da fiye da 400,000. Chevrolet Camaro da Dodge Charger suka biyo baya. Yanzu bidiyonsu ya cika wayoyin samari, har ka ji yaro a Unguwar Hajji yana cewa in Allah ya hore masa sai ya shigo da Charger ta 1969 garin Karaye. Sha'awa ba laifi ba ce, amma bari mu yi masa lissafin.

Mu fara da adadin da aka fi tinƙaho da shi, wato ƙarfin doki 425 na injin Hemi mai lita 7 da ake sa wa wasu Charger. Wannan adadi an auna shi ne da inji tsirara a kan benci, ba a ɗaura masa kayan da ke rage masa ƙarfi idan yana cikin mota ba. A 1971, da kamfanin da ya ƙera shi ya buga awon injin yana ɗauke da kayansa, sai ya tsaya a 350. Daga 1972 duk kamfanonin Amurka suka koma wannan awo na biyu. Saboda haka duk wanda ya kwatanta 425 da adadin motar yau, mudu biyu mabambanta ya haɗa. Duk da haka 350 ba wasa ba ne: Golf 3 mai inji lita 1.8, irin wadda ke jigilar fasinja daga Kano zuwa Gwarzo, doki 90 gare ta.

Inda gizo ke saƙar shi ne mai. Irin waɗannan manyan injuna sukan yi mil 10 zuwa 12 da galan ɗaya. Galan ɗin Amurka lita 3.8 ne, mil kuma kilomita 1.6. Idan muka ɗauki mil 10, lita ɗaya na kai motar kilomita 4 da ɗoriya, wato kusan lita 24 a kowace kilomita 100. Golf ɗin can, idan kafiretonta ko injektarta na lafiya, lita 8 kan ishe ta. Ninki uku ke nan.

Amurkawa ba su damu ba a lokacin, domin a 1969 galan bai wuce santi 35 ba. Da ƙasashen Larabawa suka hana su mai a 1973, kasuwar waɗannan motoci ta durƙushe, ko da yake tsadar inshora da dokokin hayaƙi sun riga sun fara karya ta. Mu namu 1973 ɗin ya zo ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka cire tallafin mai. Lita tana wajen naira 195 a farashin gwamnati, cikin kwanaki ta haura 500, a Yuli ta kai 617 a Abuja, a Oktoban 2024 ta tsallake 1,000. Tafiyar kilomita 100 da za ta ci wa mai Charger naira 4,700 a farkon 2023, ta koma 14,800, sannan 24,000.

Tankinta lita 72 ne. Cika shi a kan naira 1,000 ya kama 72,000, alhali mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Kano ta sanar a 2024 naira 71,000 ne. Albashin wata guda bai cika tankin ba, tankin kuma kilomita 300 kawai zai yi. Wanda ya mayar da ita motar yau da kullum, a ce kilomita 15,000 a shekara, zai ƙona lita 3,600, naira miliyan 3.6 a wancan farashin. Mai Golf miliyan 1.2.

Kafin ma a kai ga gidan mai, akwai tashar ruwa. Ƙa'idar kwastan ta taƙaita shigo da tsofaffin motoci ga waɗanda ba su haura shekara 12 ba, motar 1969 kuwa ta ba 50 baya. Shigo da mota ta iyakar ƙasa, irin yadda ake yi da 'yan Kwatano, gwamnati ta hana shi a farkon 2017. Abu ɗaya ne ke wajenta: sitiyarinta a hagu yake, Najeriya kuma ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972.

Sai kayan gyara. Kanikawanmu sun ƙware a kafireto, injin nan ba shi da kwamfuta, ba zai gagare su ba. Matsalar ita ce kasuwar Ƙofar Ruwa cike take da kayan Toyota da Volkswagen da Peugeot, ba na Dodge ba. Dole a yi odarsu daga waje da dala. Kayan dala 300 da ake samu a kan naira 138,000 lokacin da dala ke 460, ya zama 450,000 da ta kai 1,500, ban da kuɗin dako. An kuma ƙera injunan don fetur mai gubar dalma, wanda aka daina sayarwa, don haka bawul ɗinsu na buƙatar gyara na musamman. Tsawon motar ya haura mita 5, cikinta kusa da ƙasa. Hanyoyin ƙauyukan Rogo da damina ba nata ba ne. Wannan fage Peugeot 504 ta Kaduna ce ta san shi.

Amma a sauya lissafin. Idan kilomita 1,000 kacal za ta yi a shekara, kai amarya, bikin Sallah, ɗan zagaye zuwa dam ɗin Challawa, man bai wuce lita 240 ba, naira 240,000 idan lita na kan 1,000. Wannan mai hali zai iya. Matsayinta ɗaya da dokin hawan Sallah: ana kiwonsa don ado, ba don zuwa kasuwa ba.

Ga mai mota ɗaya tilo, Charger ba tasa ba ce. Wanda ke da ta zirga-zirga, da bakanike amintacce, da hanyar samun dala, shi ne zai iya ajiye ta.